Kundin Digiri da Sanadin Zaure

Duk wanda ya taɓa zama a zauren wani malami a Kusada, ko a Kankiya da ke kan hanyar Kano zuwa Katsina, bayan an idar da sallar Asuba, ya san yadda ake ɗaukar ilimi a ƙasar nan tun kafin zuwan boko: ɗalibi ya buɗe Ahalari ko Iziyya ko Risala, ya ja baƙi gaɓa-gaɓa, malam yana bin sa da fassara, sa'an nan ya koma gefe ya yi bita wurin wanda ya riga shi wuce babin. Wannan mai bitar, da bai kai a kira shi malam ba, alhali ya wuce a ce masa sabon shiga, shi ne kakan wanda jami'a ke kira mataimakin malami a yau, wato saurayin da ya shiga digiri na biyu, aka aza masa rubuta kundi, aka kuma miƙa masa takardun 'yan aji ɗaya ya duba.

Irin wannan saurayi, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina yake, wadda aka kafa a 2006, ko a ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, ta 2011, ko Kano ko Zariya, zai tarar kundi yana da sharuɗɗa kamar alwala: gabatarwa, dalilin bincike, farfajiyarsa, hanyoyin tattara bayanai, sakamako, manazarta. Waɗannan ba su da wuyar koyo. Inda gizo ke saƙar shi ne babi na biyu, wanda ake kira bitar ayyukan da suka gabata, domin a nan ake gane wanda ya karanta da wanda ya ji labari.

Bisa haƙiƙa wannan babi ba baƙo ba ne gare mu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ida'un Nusuhi musamman don ya ambaci shaihunan da ya ɗauki ilimi wurinsu, tun daga mahaifinsa da ya karantar da shi Alƙur'ani, da wansa Shehu Usmanu, har Malam Jibrilu ɗan Umaru da ya ba shi ijaza, yana faɗin littafin da ya karanta gaban kowannensu. Manufarsa ita ce a san ta inda ruwa ya biyo kafin a sha. To, amma a kundaye da yawa na yanzu sai ka ga an jera sunaye da shekaru, wane ya ce, wane ya ce, kamar mai lissafa 'yan ɗaurin aure, babu tarjihi, babu inda marubucin ya tsaya ya nuna wanda ya fi hujja. Abin da ya fi wannan muni, sau da yawa ɗalibi yakan ambaci Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, na 1988, alhali ko bangonsa bai taɓa gani ba, daga kundin wani da ya gabace shi ya kwaso, har da kuskuren lambar shafi. Malaman Hadisi suna da suna ga mai ɓoye wanda ya ji magana daga bakinsa ya jingina ta ga na sama: tadlisi suke ce wa aikinsa, kuma ba su ɗauke shi ƙaramin aibi ba.

Koyar da rubutu kuwa wata mas'ala ce dabam, don zaure ya ƙware wajen koyar da karatu da kwafar littafi, amma talifi sai bayan furfura ake yi masa izini, ita ko jami'a tana neman sa tun gemu bai fito ba. Abubakar Imam, wanda ya yi Kwalejin Katsina, yana malamin Midil a Katsina ya shiga gasar rubuta littattafai ta 1933 da Ruwan Bagaja, kuma da aka kira shi Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, zama ya yi da editansa Rupert East ana bin aikin ana gyara. Mutum ɗaya ke nan gaban mutum ɗaya. Mataimakin malami na yau ɗaruruwan takardu ke gabansa, ga nasa babin yana jiran mai duba shi, saboda haka jan bironsa yakan ƙare a kan ƙa'idojin rubutu kaɗai, waɗanda aka yi ta taro a kansu tun daga Bamako a 1966: a sa wa ƙ lanƙwasa, a haɗe "yana", a raba "a kan" da "akan". Gyara ne na wajibi, ban musa ba, sai dai jimla takan fito da ƙa'ida cif, ba ta ce kome ba.

Na san wani daga cikin mataimakan malaman nan, mutumin wajen Kankiya, da ya gaji da jan layi, ya koma kiran ɗalibansa biyar-biyar gindin darbejiya bayan La'asar, kowa ya karanta sakin layinsa da ƙarfi. Wata rana wani ya karanto jimla mai layi huɗu, numfashi ya ƙare masa a tsakiya, sauran suka yi dariya. Ya tambaye shi, "Me kake nufi a nan?" Yaron ya ce, "Allah gafarta Malam, ina nufin manoman garinmu sun rage noman auduga ne don ba ta biyan wahala." Ya miƙa masa biro ya ce, "To, rubuta haka, kuma ka faɗi wanda ya gaya maka."