Mutum 426 da Abin da Jininsu Ya Bayyana

A watan Oktoban 2020 mujallar kimiyya ta Nature ta buga rahoton gamayyar H3Africa, shirin binciken gado da lafiya a Afirka wanda hukumar NIH ta Amurka da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya suka ɗauki nauyinsa. Masanan, ciki har da Ananyo Choudhury da Zané Lombard na Jami'ar Wits a Johannesburg da Adebowale Adeyemo ɗan Najeriya, sun karanta ƙwayoyin halittar mutum 426 daga farko har ƙarshe. An zaɓo mutanen daga al'ummomi 50 a ƙasashen Afirka 13. Adadin bai taka kara ya karya ba, amma a jikinsu kaɗai aka tarar da bambance-bambancen gado sama da miliyan 3 waɗanda babu wani kundi a duniya da ya taɓa rubuta su.

Dalilin ba boyayye ba ne. A Afirka ɗan adam ya fi daɗewa, don haka a nan gadonsa ya fi rassa. Waɗanda suka fita suka cika sauran nahiyoyi ɗan yanki kawai suka ɗauka. Duk da haka, wani ƙiyasi na 2019 ya nuna kusan kashi 78 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken gado da cuta a kansu asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa wajen kashi 2. Ko a shirin 1000 Genomes da ya gabata, Yarabawan Ibadan da 'yan ƙabilar Esan ne suka tsaya wa Najeriya gaba ɗaya.

Inda rahoton ya fi burge ni shi ne sashen da ya taɓa aikin likita kai tsaye. Akwai rumbun bayanai mai suna ClinVar, wanda likitocin gado ke dubawa su ga ko wani sauyi da aka gani a jikin majiyyaci mai haddasa cuta ne. Da masanan suka gwada sakamakonsu da wannan rumbu, sai ga sauye-sauye da dama da aka yi wa tambarin "mai cutarwa" suna yawo a jikin ɗimbin mutane a wasu al'ummomin Afirka. Abin da ya yawaita haka da wuya ya zama shi ne sanadin cutar da ba kasafai ake ganinta ba. Rigar da aka yanka a jikin wani ce ake auna mu da ita. Kuma illar ba ta takarda ba ce: a 2016 wani bincike a Amurka ya gano an shaida wa wasu baƙaƙen fata cewa suna ɗauke da gadon ciwon kaurin tsokar zuciya, alhali sauyin da aka gani a jikinsu ba ya cutarwa.

Rahoton ya kuma nuna yadda gadon sikila, da ƙarancin sinadarin G6PD, da nau'o'in ƙwayar gadon APOL1 masu alaƙa da ciwon ƙoda suke hawa da sauka daga wannan al'umma zuwa waccan. Gadon sikila da ya zama ruwan dare a Najeriya, har ake matsa wa masu shirin aure su yi gwajin jini, kusan babu shi a kudancin nahiyar. Wanda duk ya karanta wannan sashe zai daina cewa "jinin Afirka" kamar abu guda ne.

Ga mai karatu a Arewa, labarin Birom na Filato ne zai fi tsayar da shi. Harshensu ɗan gidan Neja-Kongo ne, amma an ga alamar cuɗanya da mutanen gabashin Afirka a gadonsu, wadda aka ƙiyasta ta faru shekara 1,500 zuwa 2,000 da suka wuce. Marubutan ba su yi azarɓaɓin ƙulla tatsuniyar asali a kai ba, kuma na yaba musu, ganin yadda muke son jingina kowace ƙabila da Gabas. Sun kuma kawo hujjar cewa Zambiya zango ce a ƙaurar masu harsunan Bantu.

Aikin bai rasa giɓi ba. Al'ummomi 50 a nahiya mai harsuna kusan 2,000 somin-taɓi ne, wasunsu ma mutum ƙalilan ne suka wakilce su. Sannan yawancin karatun ƙwayoyin halittar a Kwalejin Baylor da ke Houston aka yi shi, duk da cewa H3Africa ta kafa rumbunan ajiyar samfur a Najeriya da Yuganda da Afirka ta Kudu. A 2021 Farfesa Ambroise Wonkam, ɗan Kamaru, ya kawo shawarar a karanta ƙwayoyin halittar 'yan Afirka miliyan 3 cikin shekara goma. Tallafin NIH na shekara goma ga H3Africa kuwa ya ƙare a 2022.