Babi Na Huɗu: Tarken Ƙoƙarin Ƙananan Hukumomin Batsari Da Safana Wajen Tunkarar Sauyin Yanayi

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yanayin ƙasar Batsari da Safana da sana'o'in mutanensu, inda aka nuna yadda rayuwar manomi da makiyayi a wannan yanki ta rataya a kan ruwan sama da kuma dajin Rugu. Wannan babi kuwa zai ɗora ƙoƙarin ƙananan hukumomin biyu a kan ma'auni, domin a ga inda suka taɓuka da inda suka gaza wajen tunkarar sauyin yanayi da kwararowar hamada. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, an fi ba da ƙarfi ga dasa sababbin itatuwa, an kuma yi sakaci da raino da kare waɗanda ake da su, alhali a nan ne doka ta fi bai wa ƙaramar hukuma hurumi, a nan ne kuma aikin ya fi araha.

4.1 Hurumin Da Doka Ta Bai Wa Ƙaramar Hukuma

Kafin a ɗora wa wata hukuma laifi, wajibi ne a san abin da doka ta damƙa mata. Harkar manyan gandayen daji a Nijeriya tana hannun gwamnatocin jihohi ne. Amma duk da haka ba a bar ƙaramar hukuma hannu rabbana ba. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya sanya ta cikin aikin bunƙasa noma da albarkatun ƙasa, in ban da haƙar ma'adinai, ya kuma ɗora mata kwashe shara da kula da kasuwanni da tashoshin mota da magudanun ruwa. Bugu da ƙari, sashe na 6 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ba ta ikon bayar da fili a karkara, har hekta 500 domin noma, da hekta 5,000 domin kiwo, ba tare da sai ta nemi izinin gwamna ba.

Ke nan, ƙaramar hukuma tana da ta cewa a kan abubuwa uku da suka shafi muhalli kai tsaye, wato wanda za a bai wa fili ya sheme, da wurin da za a keɓe wa dabbobi, da kuma itace da gawayin da ake lodi a kasuwanninta da tashoshinta. Idan aka tuna cewa a ƙidayar 2006 Batsari tana da mutum sama da 200,000, Safana kuma sama da 180,000, mafi yawansu manoma da makiyaya, za a ga cewa wannan iko ba ƙarami ba ne.

4.2 Gadon Da Aka Tarar

Ƙananan hukumomin nan biyu ba su fara aiki a kan fako ba. Tun zamanin En'e ta Katsina akwai malaman daji masu hana saran ɗanyen icce ba da izini ba, kuma hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne idon hukuma a kan burtali da mashaya. A shekarun 1960 gwamnatin Jihar Arewa, tare da taimakon Amurka, ta raya wurin kiwo na Ruma da Kukar Jangarai a wannan yanki, ta kuma kafa dokar keɓe wuraren kiwo a 1965. Bayan farin shekarun 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985, hankali ya koma ga dashen itatuwa, har a 1987 aka fara shirin dashen itatuwa na Katsina da tallafin Tarayyar Turai, wanda ya kafa jerin itatuwan kare iska da wuraren renon dashe a arewacin jihar. Wannan tallafi ya tsaya ne sakamakon takunkumin da Turai ta ƙaƙaba wa Nijeriya a ƙarshen 1995.

Daga baya an sami shirin Ganuwar Itatuwa ta Afirka, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015, Katsina tana cikin jihohi 11 da ya shafa. Sai kuma shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da ba shi dala miliyan 700 a watan Disamba 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. A watan Nuwamba na wannan shekara ne kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan Dokar Sauyin Yanayi.

Abin lura a nan shi ne, dukkan waɗannan shirye-shirye daga sama suka gangaro. A Kaduna ko Katsina ko Abuja ko ƙasashen waje aka tsara su, ƙaramar hukuma kuwa nata shi ne ta nuna fili, ta tara jama'a, ta karɓi baƙi. Wannan ya saba mata da jira, har ta ɗauka cewa kare muhalli aiki ne da ake kawowa, ba wanda ake tashi a yi ba.

4.3 Dashe Ba Raino

Babban abin da jama'a suka sani a matsayin ƙoƙarin hukuma a wannan fanni shi ne gangamin dashen itatuwa na shekara-shekara, wanda akan yi a tsakiyar damina, wajen watan Yuli ko Agusta. Akan raba dashe ga makarantu da masallatai da manoma, shugabanni su dasa nasu a gaban jama'a. Babu shakka wannan yana da amfani, domin kuwa duk wanda ya ga inuwar bedi, wato darbejiya, a bakin hanyoyi da harabar makarantu na ƙasar Katsina ya san cewa wani ne ya dasa ta. Sai dai akwai rauni guda uku a tattare da wannan tsari.

Rauni na farko shi ne ma'aunin da ake amfani da shi. Yawan abin da aka dasa ake ƙirgawa, ba yawan abin da ya rayu ba. A wannan yanki ruwa yakan ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Yuni. Wato dashen da aka sa a ƙasa a watan Agusta zai fuskanci kimanin wata bakwai zuwa takwas na rani, da hunturu da bazara, ga kuma awaki da tumaki da ake saki da zarar an kau da amfanin gona. In babu shinge, babu ban ruwa, babu wanda aka ɗora wa alhakinsa da suna, to da wuya ya ga damina ta biyu. Kalmar da ake amfani da ita ma ta nuna inda hankali yake. "Dashe" aikin yini ɗaya ne, "raino" kuwa aikin shekaru ne, kuma Bahaushe bai taɓa yabon uwa don ta haihu kawai ba.

Rauni na biyu shi ne zaɓen iri. An fi raba bedi da turare saboda saurin girmansu da sauƙin renonsu. Amma manomi ba ya son su a tsakiyar gona, domin inuwarsu da saiwoyinsu suna danne gero da dawa. Itatuwan da manomin Ruma ko Runka ya gada yana bari a gonarsa su ne gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya da aduwa da magarya. Alal misali, gawo yana kaɗe ganyensa da damina, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma su zama abincin dabbobi da rani. Ɗorawa tana ba da kalwa ta daddawa, kuka tana ba da miya. Icen da yake sa wa iyali wani abu a tukunya ba ya bukatar mai gadi.

Rauni na uku, wanda ya fi sauran muni, shi ne ana dasa ƙanana a gaba, ana sare manya a baya. Icen da ya shekara hamsin yana riƙe ƙasa ana iya kayar da shi a mayar gawayi cikin 'yan kwanaki, kuma tsadar kananzir da iskar gas ta ƙara wa itacen girki da gawayi kasuwa a birane. Muddin ana kallon motar itace a matsayin hanyar kuɗin shiga kawai, ba a tambayar daga inda aka saro, ko ɗanye ne ko busasshe, to abin da ake yi tamkar ɗibar ruwa ne da kwando. Abin mamaki ma shi ne, fitaccen matakin da aka ɗauka a kan wannan ciniki ba daga ƙaramar hukuma ya fito ba, ba kuma don muhalli aka yi shi ba. A ƙarshen watan Agusta 2021 ne Gwamna Aminu Bello Masari ya hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, a cikin dokar da ya kafa ta daƙile 'yan bindiga.

4.4 Uzurin Da Ake Bayarwa

Adalci ne a saurari hujjojin da ake kare ƙananan hukumomin da su, domin ba na banza ba ne.

Hujja ta farko ita ce rashin tsaro. Batsari da Safana suna cikin wuraren da ɓarayin daji suka fi addaba. A watan Fabrairu 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari, a watan Satumba 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyu. A irin wannan hali babu malamin dajin da zai shiga Rugu da littafin rasit, kuma wanda ya bar gonarsa ya yi gudun hijira ba ya tunanin ban ruwan dashe.

Hujja ta biyu ita ce kuɗi. Sashe na 162 na Tsarin Mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, wanda ya bar akalar kuɗin a hannun jiha. Sai a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, aiwatar da hukuncin kuma ya yi ta jan ƙafa.

Hujja ta uku ita ce rashin ɗorewar shugabanci. An rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomin Katsina a 2015, matakin da Kotun Ƙoli ta ce ya saɓa wa doka a watan Mayu 2021, ba a kuma sake zaɓe ba sai a watan Afrilu 2022. Shugaban riƙo da bai san ranar sauke shi ba, ba zai yi tanadin icen da sai bayan shekara goma za a sha inuwarsa ba.

Waɗannan hujjoji sun wanke ƙananan hukumomin daga zargin rashin gina madatsun ruwa ko kafa manyan gandaye. Amma ba su wanke su daga ayyukan da ba sa cin kuɗi ba. Rubuta dokar majalisa a kan saran ɗanyen icce, da ƙidayar dashen da ya rayu bayan shekara, da shata burtali da mashaya tare da hakimai da arɗaɗɗai, ba sa bukatar tallafin Bankin Duniya. Hasali ma, cinye burtali da wuraren kiwo da gonaki yana cikin abubuwan da suka hura wutar rikicin manoma da makiyaya tun farko. Ashe ke nan sakaci da ƙasa yana cikin iyayen rashin tsaron da ake fakewa da shi.

4.5 Darasi Daga Maraɗi

Ba sai an je nesa ba za a sami abin koyi. Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wadda take arewa da Jibiya, ta fi Batsari da Safana ƙarancin ruwan sama. A 1983 wani masanin noma ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya ga yadda dashe yake ta mutuwa, ya lura cewa kututturan da ake sarewa duk shekara lokacin sharar gona suna da rai da saiwoyi masu zurfi. Sai aka fara koya wa manoma su zaɓi tofo kaɗan masu ƙarfi a kan kowane kututture su bari, su sassabe sauran. Wannan shi ne abin da ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, musamman a Maraɗi da Damagaram.

Abin da ya sa aikin ya kama shi ne, ba ya bukatar wurin renon dashe ko ban ruwa, lauje da adda sun isa. Daɗin daɗawa, manomi ya sami tabbacin cewa icen da ya raina a gonarsa nasa ne, ba na malamin daji ba, abin da dokar daji ta Nijar ta 2004 ta ƙarfafa. Sabara da kalgo da geza da suke tofo a gonakin Maraɗi su ne dai suke tofo a gonakin Wagini da Zakka. Harshe ɗaya ne, al'adar noma ɗaya ce. Bambancin kawai shi ne, a can an ɗauki manomi a matsayin mai icce, a nan kuwa an ɗauke shi a matsayin mai karɓar dashe.

4.6 Naɗewa

A taƙaice, wannan babi ya nuna cewa ƙoƙarin ƙananan hukumomin Batsari da Safana a kan sauyin yanayi ya tsaya ne a kan karɓar shirye-shiryen da aka tsara a sama da kuma gangamin dashe, an bar ikon da doka ta ba su a kan fili da kiwo da cinikin itace yana kwance. An kuma nuna cewa rashin tsaro da ƙarancin kuɗi da yawan sauyin shugabanni uzuri ne na gaskiya, amma bai game komai ba.

A 2025 an yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Fabrairu, an kuma yi zaman sulhu da 'yan bindiga a Jibiya da Batsari da Safana. Duk ranar da zaman lafiya ya zauna da gindinsa, hanyoyin daji za su buɗe, masu neman sababbin gonaki da motocin itace su ne za su riga kowa shiga. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ba a shata burtali an kuma kafa dokar sara kafin wannan rana ba, to abin da tsoro ya bari na dajin, gatari ne zai ƙarasa shi. Babi na gaba zai kawo shawarwari a kan yadda za a bi wajen cike wannan giɓi.