Duwatsun Murhu Uku a Waƙoƙin Aminu Ala

Makaɗin fada ba ya wahalar neman abin faɗa, domin ubangidansa ne jigonsa. Ya yabi sarki, ya jero kakanni, ya yi wa mahassada zambo, a ba shi riga da doki, kamar yadda Narambaɗa ya zauna da Sarkin Gobir na Isa. To, amma mawaƙin da ke zaman kansa, wanda ba shi da majingina sai jama'a masu saurare, ina yake samo waƙa? Wannan tambaya nake so in duba game da Aminu Ladan Abubakar, wanda aka fi sani da Alan Waƙa. A ganina tukunyarsa a kan duwatsu uku take zaune, wato zaman yau da kullum, da tuna baya, da kuma karatu.

Dutse na farko ba shi ya fara kafa shi ba. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa shi kaɗai ya mai da karen mota abin yi wa waƙa, alhali kuwa ba sarki ba ne, ba attajiri ba. Ala ya bi wannan sawu. A cikin "Baubawan Burmi" kukan talaka ya yi game da zaɓen shugabannin da ba su dace ba, a "Jami'a" kuwa ya taɓo mu ɗalibai, da wahalar neman ilmi da darajarsa. Irin wannan 'yanci ba kyauta ake samunsa ba, don kuwa a 2009 an kama shi a Kano, aka gurfanar da shi a kotu saboda waƙar "Hasbunallahu", bisa zargin ya fitar da ita ba da iznin Hukumar Tace Finafinai ba.

Dutse na biyu shi ne tuna baya. An haife shi a Yakasai cikin birnin Kano a 1973, ya tashi a Tudun Murtala, unguwar masu neman na kansu. A waƙar "Shahara" ya waiwayi hanyar da ya biyo kafin sunansa ya fito, kuma abin da ya sa ta shiga rai shi ne bai mai da ita kirari tsantsa ba, ya nuna ɗaukaka tana tafe da nauyinta.

Dutse na uku ne ya bambanta shi da Ɗanmaraya. Kafin a san shi da waƙa marubucin ƙagaggun labarai ne, cikin littattafansa akwai Baƙar Aniya da Cin Zarafi. Wanda ya saba da alƙalami kuwa ba ya sakin magana sakaka. Shi ya sa za ka ji baitocinsa a tsare, ɗango na bin ɗango, amsa-amo bai kuɓuce ba. Ni dai kunnena yana jiyo sawun marubuta irin su Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu, mai Fasaha Aƙiliya. Wato ya ɗauko rubutacciyar waƙa daga takarda ya ɗora ta a kan kiɗan zamani, har ta isa wurin wanda bai taɓa buɗe littafin waƙa ba.

Amma fa, ya mai karatu, dutse ɗaya in ya fi sauran tsawo tukunya karkacewa take yi. A wajenmu Yako, ta ƙasar Ƙiru, da motocin da ke lodi a Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada da Doguwa, ana jin Ala ƙwarai. Sai dai na lura manomi da direba amshi suke kamawa, in aka zo baitin da aka cika wa kalmomin Larabci da tsohuwar Hausa sai su yi shiru har ya wuce. Nan karatu ya rinjayi ido. Haka kuma waƙoƙin sarauta, irin "Bakan Dabo" ta marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, ko da yake akwai tarihi da gwaninta a ciki, suna jan sa zuwa fadar da zaman kansa ya raba shi da ita. Mai yabon sarki da yawa yake, mai faɗar ciwon manomin shinkafa na bakin Tiga shi ne ya yi ƙaranci.

Saboda haka hukuncina shi ne, Ala ya fi ƙarfi a inda karatunsa ya koma yi wa abin da idonsa ya gani hidima. Wannan darasi ne gare mu 'yan ƙungiya masu gwada rubuta waƙa. Mu karanta magabata, amma in an tashi hutu mu zauna a kasuwa da tasha da bakin gona mu kasa kunne, don a can Hausa take da rai. Allah ya sa mu dace, amin.