Lalle a Matsayin Tawada: Hotunan Lalla Essaydi

Zargin da aka fi yi wa Lalla Essaydi shi ne wai tana sake sayar wa Turawa macen da suka daɗe suna mafarki, wato Balarabiya kishingiɗe a ɗaki tana jiran mai kallo. Masu wannan magana kwanciyar kawai suka gani, lallen ya wuce su.

Mai ɗaukar hoto ce 'yar Maroko, haifaffiyar Marakesh a 1956. Ta zauna a Saudiyya, ta kuma yi digiri na biyu a fannin zane a Boston a 2003. Abin da take mayar wa martani ya tsufa. Mai zanen Faransa Ingres ya zana "La Grande Odalisque" a 1814 bai taɓa taka ƙasar Musulmi ba, ɗan ƙasarsu Delacroix kuma ya fitar da zanensa na matan Aljiyas a 1834, shekara huɗu bayan Faransa ta afka wa Aljeriya. A jerin "Les Femmes du Maroc" Essaydi ta ɗauko irin wannan kishingiɗar, ta suturta matan, sannan ta bi fuska da tafin ƙafa da mayafi da bango da rubutun Larabci.

Da lalle take rubutun, kuma nan ne gwanintar take. A al'adar Magrib ƙawata rubutu aikin maza ne, lalle kuwa na mata. Bahaushe ya san wannan rabon, tunda hannun rubutun allonmu ma daga Magrib ya samo tushe: alƙalami da zayyana na zaure ne, ƙunshi na cikin gida. Essaydi ta zuba lalle a sirinji ta yi aikin alƙalami da shi, ta shigo da harafi ɗakin amarya ba ta nemi izinin kowa ba.

Lalle kuma ba ya zama yadda aka ajiye shi. Yana bushewa, ya tsage, ya kakkaɓe idan mace ta motsa, ga shi ta ɗora layi a kan layi. Wanda ya iya Larabci zai tsinci kalma ɗaya, ta biyun ta ɓace masa. Ba ayoyi ba ne, kamar yadda wasu ke zato har ransu ya ɓaci; tunaninta ne da labarin rayuwarta. Mai kallo ya zo ganin jiki, sai ya tarar da zancen da ba da shi ake yi ba. Rubutun ya zama sutura ta biyu, wadda ta fi mayafin kauri.

Shi ya sa jerin "Converging Territories" ya fi sauran ayyukanta ratsa zuciya. Ta ɗauke shi ne a gidan danginsu inda a da ake killace macen da ta saɓa al'ada, matan na zaune cikin farin ƙyalle, lalle ya cinye ko'ina. Jerin "Bullets" da ta yi daga baya, inda ta yi ado da kwanson harsashi, ya fi ɗaukar ido a baje koli, amma ƙyallin ƙarfen yana danne rubutun.