Mako Guda a Gindin Dutse: Nazari kan Koyon Kiɗan Tsirkiya na Afalashiya

A gabashin ƙasar Amurka akwai jerin duwatsu da ake kira Afalashiya, waɗanda suka ratsa jihohin Birjiniya ta Yamma, Kentaki, Tenesi da Karolina ta Arewa. Mazauna wannan yanki sun gaji wani kiɗa na rawa da suke kira kiɗan dauri. Ginshiƙansa biyu ne: biyolin, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, da banjo mai tsirkiya biyar. A da, yaro yakan ɗauki kiɗan ne daga bakin uba, ko kawu, ko maƙwabci. A yau kuwa, da yawa daga cikin masu kaɗa shi sun koye shi ne a zaman horo na kwana, inda ɗalibi yake biyan kuɗi, a ba shi makwanci, ya ci abinci tare da malamansa har tsawon mako guda. Abin nazari a nan shi ne: me irin wannan zama yake iya koyarwa, kuma me yake gagararsa?

Wannan tsari yana da tarihi. A 1925 Olive Dame Campbell da Marguerite Butler suka kafa makarantar al'adu ta John C. Campbell a Brasstown, bisa koyi da makarantun manya na ƙasar Denmak, inda babu jarrabawa kuma babu maki. A 1973 aka fara tarukan horo na Augusta a garin Elkins na Birjiniya ta Yamma. Tun farkon shekarun 1990 kuma ake gudanar da taron Swannanoa a kwalejin Warren Wilson, kusa da Asheville, wanda ya keɓe mako guda ga kiɗan dauri. Tsarin yini kusan ɗaya ne ko'ina: darussa da rana bisa matakin ƙwarewa, wasan malamai ko rawa da maraice, sa'an nan a zauna ƙungiya-ƙungiya ana kiɗa har dare ya raba.

Dole a fara da yabon abin da ya cancanci yabo. Galibin malaman da kunne suke koyarwa. Malami zai kaɗa gaɓa ɗaya ta take, ya rage sauri, ɗalibai su maimaita har hannu ya saba. A nan ne ɗalibi yake ganin abin da rubutu ba ya iya nunawa: yadda mai biyolin yake sauya ɗaurin tsirkiyoyinsa domin biyu su yi amo tare, da yadda mai banjo yake dukan tsirkiya ƙasa da bayan farce, babban yatsa kuma yana cafke gajeruwar tsirkiya ta biyar. Gani ya kori ji. Amma babbar ribar zaman tana cikin kwanan da ake yi wuri guda. A da'irar dare, take ɗaya ake ta juyawa sau goma ko fiye, babu mai fita gaba don a yaba masa shi kaɗai, kuma sabon shiga yana iya raɓawa daga gefe har ya kama zaren. Wannan shi ne ya fi kusa da yadda kiɗan ya rayu tun asali.

Sai dai mako guda mako guda ne. Kafin waɗannan tarurruka su yawaita, samarin birane sukan niƙi gari zuwa gidajen tsofaffi. Tommy Jarrell, wanda ya rayu daga 1901 zuwa 1985 kusa da Mount Airy, ya shahara da karɓar irin waɗannan baƙi: su kwana gidansa, su ci abincinsa, su ji labaransa, su koma su sake dawowa shekara bayan shekara. Abin da suka ɗauka ya wuce jerin sautuka. Sun ɗauki nauyin hannun mutum guda da salon kwari guda. A aji mai ɗalibai da yawa kuwa, malami yakan zaɓi abin da kowa zai iya. Akwai take-taken da tsofaffi suke ƙara wa bugu ko su rage, waɗanda makaɗan suke kira karkatattu. Irin waɗannan su ne suka fi saurin miƙewa idan taro ya yi yawa. Haka nan take-taken da Alan Jabbour ya naɗa daga Henry Reed na Glen Lyn a 1966 da 1967 sun tsira daga mantuwa, amma wasunsu sun zama abin da ake ji a kowane taro da siga kusan ɗaya. An ceci take, an rasa bambancin da ke tsakanin wannan kwari da wancan.

Matsala ta biyu ita ce ta wanda ke zaune a aji. Kuɗin karatu, makwanci da tafiya sun fi dacewa da aljihun ma'aikacin birni ko wanda ya yi ritaya, alhali yankin yana cikin waɗanda suka daɗe da fama da talauci a Amurka. Sai ya zama jikan makaɗi yana iya zama shi ne mafi nisa da gadon kakansa. Amsar da ta fi gamsarwa daga makarantar boko ta fito: a 2000 Helen White ta fara wani shiri a gundumar Alleghany ta Karolina ta Arewa, inda ake koya wa yaran yankin kiɗan bayan an tashi daga aji, mako bayan mako. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ta uku ita ce ta tarihin da ake faɗa wa ɗalibi. A littafinsa na 1983, David Whisnant ya nuna yadda masu kishin al'ada da suka zo daga waje suka zaɓi abin da suke so ya zama al'adar dutse, wato gadon Ingila da Sikotilan zalla. A bikin White Top na shekarun 1930 ba a ba makaɗa baƙar fata damar wasa ba. Alhali banjo kayan kiɗa ne da bayi ƴan Afirka suka ƙera a tsibiran Karibiyan da Amurka, daga ƙwarya da fata da sanda. Cecelia Conway ta bi sawun wannan gado a Afalashiya cikin littafinta na 1995, kuma Daniel Jatta ɗan Gambiya ya nuna yadda kaɗa akontin na ƙabilar Jola ya yi kama da dukan banjo na dauri. Wanda ya san molo, gurmi ko garaya zai gane dangantakar da ido, ko da yake ba a jingina asalin banjo ga kayan kiɗa guda ɗaya. Zaman horon da ya koyar da motsin yatsa ya yi shiru kan wannan, rabin darasi ya bayar.

Abin da ya faru a 2005 ya isa misali. A taron masu banjo baƙar fata da aka yi a Boone, Rhiannon Giddens, Dom Flemons da Justin Robinson suka haɗu, suka kuma saurari Joe Thompson, dattijon mai biyolin da aka haifa a 1918. Daga nan suka riƙa zuwa gidansa a Mebane duk daren Alhamis. Ƙungiyar da suka kafa, Carolina Chocolate Drops, ta ci lambar Grammy a 2011, shekara guda kafin rasuwar dattijon. Taro ne ya haɗa su, amma a gida aka yi karatun.

Wannan darasi ba baƙo ba ne a Nijar. Cibiyar horar da makaɗa ta Elhaji Taya a Yamai ta tara kayan kiɗa da masana wuri guda, amma da marigayi Malam Maman Barka ya so ceton biram na Buduma a 2002, sai da ya tafi yankin Tafkin Cadi ya durƙusa gaban Bukar Tar. Saboda haka ƙungiyar al'adu da ke shirin tara matasa na mako guda kan goge ko gurmi ta auna nasararta da ma'auni uku: yaran gari nawa suka samu shiga, ko an kira sunan wanda aka gaji kowane take daga gare shi, da kuma ɗalibai nawa suka ci gaba da zuwa zauren tsoho bayan an watse. Zaman kwana ƙofa ce mai kyau, amma wanda ya tsaya bakin ƙofa bai shiga gida ba.