Shawarar ta yi kyau, amma ba da gidajenmu aka auna ta ba

Watan jiya wata ƙungiya ta zo makarantar firamare ta nan Sabo, ta tara iyaye don yi mana bita a kan abin da yara ke kallo a waya da talabijin. Na je, na zauna har ƙarshe, na karɓi takardar da suka raba. Allah Ya saka musu, da kyakkyawar niyya suka zo. Sai dai ban kai rabin shafi ba na gane cewa ba a unguwa irin tamu aka haifi takardar nan ba.

Su da bakinsu suka ce yawancin abin da ke ciki sun ɗebo shi ne daga Common Sense Media, ƙungiyar da Jim Steyer ya kafa a San Francisco ta Amurka a 2003. Aikinta ba na rainawa ba ne. Takan ɗauki fim ko wasan waya ko littafi, ta faɗi shekarun da ya dace yaro ya kai kafin ya gani, ta fayyace yawan faɗa da batsa da ashar da shaye-shaye da tallan da ke ciki. Sun haɗa da ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019: ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Wannan ban da ja a kai.

To amma jama'a, ku ji: "Kada a bar waya ta kwana a ɗakin yaro." Wane ɗakin? A gidan hayar da nake, ciki da falo ne, mu bakwai. "A sa makulli a na'urar yaro." Wayar uwarsa ce, ita ce ta kasuwancinta, ita ce tocilar gidan in an ɗauke wuta, ita ce kuma abin rarrashi in tana gaban murhu. Wanda ya rubuta shawarar yana hango yaro ne shi kaɗai da na'urarsa da intanet na gida. Namu yaran a waje suke samun rabonsu: wajen mai tura fina-finai a mimori, gidan kallon ƙwallo, ko kan benci suna leƙen wayar wani yayansu ɗan acaba. Ko sau ɗaya ba a ambaci waɗannan ba.

Ma'aunin ma na abin da ake kallo a can ne. Mu nan Labarina ake bi, da Izzar So, da fassarar Indiya-Hausa, ga fina-finan Yarabawa da yaranmu ke ji ras kamar harshen uwa. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, da aka kafa a 1993, tana da lambobinta na 12 da 15 da 18, amma fim ɗin da aka turo maka a mimori wa ya tsaya duba lambarsa? Sannan akwai abin da ke damun uba a Sabo wanda ba shi da gurbi a jadawalinsu: yaro ya wuni da katun na Turanci, ya fita titi ya yi Yarabanci, kakarsa ta kira daga Kano ya kasa haɗa gaisuwa.

Kada mu ɗora musu laifin duka. Mu ma iliminmu a nan bai wuce ƙwace waya da bulala ba, alhali uban da ke tsawar shi ne kan gaba wajen tura duk saƙon muryar da ya shigo masa ba tare da tambaya ba. Mun tuna 2014, da aka tashe mu da asuba a yi wanka da ruwan gishiri wai maganin Ebola. Mun kuma tuna rikicin Shasha a Fabrairun 2021, yadda hotuna da saƙonni suka riƙa yawo, wasu na gaske, wasu Allah kaɗai Ya san inda aka ɗauke su, 'yan uwa daga Arewa na ta bugo waya cikin kuka. Ga mai zaman baƙunta, jita-jita ba abin wasa ba ce, tana iya cin rumfa, tana iya cin rai.

Shi ya sa abin da ya fi daraja a takardar shi ne layin da aka yi wa karatun gaggawa: ka zauna ka kalla tare da yaro, ka tambaye shi wa ya yi wannan, me zai samu in mun yarda. Ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar ɗaki na biyu. Minti biyu aka ba shi, da Turanci, matan da ke layin baya suna ta tambayar juna me aka ce.

UNESCO na gudanar da makon wayar da kai kan kafafen labarai daga 24 zuwa 31 ga Oktoba kowace shekara, har Abuja ta karɓi baƙuncin babban taron a 2022. In ƙungiyar za ta dawo a lokacin, muna maraba. A yi da Hausa, a sa shi bayan la'asar, a kuma aika wa masu tura fina-finai da masu gidajen kallo takardar gayyata ta hannun Sarkin Hausawa.