Balbela a Bayan Baƙar Saniya

Babu abin da ke tona asirin kyamara kamar balbela a tsaye a bayan baƙar saniya da rana tsaka. Idon mutum yana ganin komai a lokaci guda, layin gashin fuka-fukan tsuntsuwar da ƙyallin fatar saniyar. Kyamara ba ta da wannan baiwar. In ta bi saniya, balbela ta koma farin tabo fat, ba ido ba fiffike. In ta bi balbela, saniya ta zama baƙin dunƙule. Duk mai ɗaukar hoton tsuntsaye a fadamar Haɗeja da Nguru, ko giwaye a inuwar itatuwan Yankari, ya san wannan ciwon kai.

Gwanin gyaran hoto tun a daji yake fara aikinsa, kafin ya zauna gaban kwamfuta. Yakan rage hasken kyamara da gangan, ya bar hoton ya ɗan yi duhu, don kada farin ya ƙone. Lissafinsa irin na mai miya ne: gishiri in ya yi kaɗan a ƙara, in ya zarce sai haƙuri. A hoton JPEG, kowane launi, ja da kore da shuɗi, matakin haske 256 kacal yake da shi, daga 0 zuwa 255. Inda duka ukun suka kai 255, babu sauran bayani a wurin; ko ka ja hasken ƙasa, toka-toka za ka samu, gashin tsuntsu ba zai dawo ba. Shi ya sa gwanaye ke ɗauka da tsarin RAW, ɗanyen hoto wanda kyamara ba ta taɓa ba, mai matakai 4,096 ko ma 16,384 a kowane launi. Sau da yawa launi ɗaya ne ya cika ya tumbatsa, sauran biyun na nan da rai, kuma daga gare su manhaja irin Lightroom ke sake gina abin da ake zaton ya ɓace.

Abin kallo shi ne hannun gwani a kan wannan ɗanyen hoto. Bai cika yarda da idonsa kaɗai ba, domin allo yana ƙarya, musamman a ɗaki mai haske. Sai ya dubi ɗan jadawalin nan mai siffar tudu da ke gefen allo: tudun in ya jingina da bangon dama, fari ya ƙone, in ya maƙale a hagu, inuwa ta toshe. Ya ja hasken wurare masu fari ƙasa a hankali, har layukan gashi su fara fitowa a ƙirjin balbela, ya tsaya cak. In ya ƙara ko kaɗan, farin zai yi dauɗa, tsuntsuwar ta zama kamar ba ta da lafiya.

Inuwa ta fi wuyar sha'ani. Ana iya buɗe ta, amma da tsada: can cikin duhu hasken da kyamara ta kama kaɗan ne, kana ɗaga shi sai ɗigo-ɗigon ja da kore su bazu a fatar saniyar. Don haka gwani ba ya buɗe duhun hoto gaba ɗaya. Yakan ɗauki buroshin manhaja ya shafa a kan ido, da gefen wuya, da tozo, ya bar ƙarƙashin ciki da baƙinsa. Sannan ya kusanto da hoton sosai ya bi gefen ƙaho da kallo, yana neman wani farin zobe da kan fito inda duhu ya haɗu da sararin sama. Wannan zoben ne shaidar hannu mai nauyi, kuma ni dai da na gan shi hoton ya fita daga raina.

Kada a ɗauka kwamfuta ce ta kawo wannan gyaran haske da inuwa. Tun a shekarun 1850, Gustave Le Gray na Faransa yakan haɗa gilashin hoto biyu, ɗaya na teku ɗaya na gajimare, saboda gilashi ɗaya ba ya iya ɗaukar duka. Ansel Adams na Amurka kuwa a ɗakin wanke hoto ya yi suna, yana tare haske da hannu ko ɗan kwali a wani sashe, yana ƙara wa wani. Hotonsa na fitowar wata a garin Hernandez, wanda ya ɗauka a 1941, ya yi ta sake buga shi shekara da shekaru, samaniyar tana ƙara duhu a hannunsa.

Wayoyin yanzu kan ɗauki hotuna da yawa a ƙiftawar ido su haɗe su, su haska kowane lungu. Sai ka ga kuka da rana tsaka ba inuwa a gindinta, abin da ba a taɓa gani ba a daji. Ko a wayar ma, mai manhajar Snapseed da ya san abin da yake yi yakan koma ya mayar wa gindin kukar duhunta. Iyakar mai gyara ita ce abin da ya kasance a wurin: a gasar hoton namun daji da Gidan Tarihin Halittu na Landan ke shiryawa, an yarda a gyara haske da inuwa, amma wanda ya kai zagayen ƙarshe sai ya miƙa asalin hoton an gwada, a tabbatar bai ƙara reshe ko ya goge tsuntsu ba.